Sankarar furostet da ba a saba gani ba: abin da hoton MRI ke tonawa da abin da ke kuɓuce masa

A cikin maza 100 da aka tabbatar suna da sankarar furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, fiye da 90 iri ɗaya ce ke cin su. Ita ce wadda ke tasowa daga 'yan ƙananan jakunkunan da ke samar da ruwan da ke garwaya da maniyyi, wato adinokasinoma ta gama-gari. Saboda yawanta, kusan duk makaman da ake yaƙar cutar da su a kanta aka ƙera su: gwajin jini na PSA, ma'aunin Gleason da ake auna muninta da shi tun 1966, har da tsarin makin da ake bai wa hoton MRI. Wannan ba abin zargi ba ne. Cutar da a shekarar 2022 kaɗai ta kama maza kusan miliyan 1.5 a duniya, ta kuma kashe kusan 400,000, dole a fara tare ta ta inda ta fi yawa.

Ragowar kuwa tarin cututtuka ne da wurin zama kaɗai ya haɗa su, amma kowace da halinta. Wasu ba sa ɗaga PSA ko kaɗan. Wasu a hoto da haske suke fitowa, a inda aka saba ganin duhu. Wasu yara ƙanana suke kamawa, alhali an san ciwon furostet da dattawa. Da yawansu sun fi ta gama-garin saurin kisa, kuma maganin da ke karya lagon ta gama-gari su ko a jikinsu. Namijin da ya faɗa cikin wannan rukuni yakan yi asarar watanni yana zirga-zirga, an yi masa gwaji, sakamako ya ce lafiya lau, ciwo kuma yana ta cin sa.

MRI ba ta faɗin sunan ciwo. Wannan sai an ɗebo nama an duba shi. Amma a ganina babu kayan aikin da ya kai ta iya nuna cewa lissafi bai tashi daidai ba: jini na faɗin wata magana, hoto na faɗin wata, shekarun maras lafiya da alamominsa na faɗin ta uku. A wannan saɓanin ake samun bakin zaren.

Me ya sa jini ke yin shiru

Furostet ƙulli ne da maza kaɗai ke da shi, nauyinsa a jikin saurayi kimanin giram 20. Yana zaune ƙarƙashin mafitsara, gaban dubura, bututun fitsari kuma ta tsakiyarsa yake ratsawa. Duk da ƙanƙantarsa ba nama iri ɗaya ba ne. Akwai jakunkunan da ke yin ruwa, akwai magudanan da ke kai ruwan cikin bututun fitsari, akwai tsoka da zaruruwan da ke riƙe da su, akwai fatar da ta shimfiɗe cikin bututun wadda irin ta mafitsara ce, sannan akwai wasu tsirarun ƙwayoyi masu fitar da sinadaran saƙo, da ake kira niyuro'endokirin. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan na iya rikiɗewa ya zama sankara, kuma sankarar takan gaji halin asalin da ta fito.

PSA sinadari ne da ƙwayoyin jakunkunan nan ke yi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da gwajinsa a 1986 domin bibiyar masu cutar, sannan a 1994 domin neman ta a jikin wanda bai san yana da ita ba. An daɗe ana ɗaukar nanogiram 4 a kowace mililita ta jini a matsayin iyakar da in an haura ta sai a zurfafa bincike. To ƙarin da ya fito daga tsoka ba ya yin PSA. Wanda ya fito daga fatar bututu ma haka. Wanda ƙwayoyinsa suka bar siffar jaka suka koma wata halitta shi ma ya daina yi, ko ya rage ƙwarai. Saboda haka ƙari zai iya cika ƙugun mutum, PSA ɗinsa yana kan 1 ko 2.

Abin da na'urar ke gani

Fiye da rabin jikin mutum ruwa ne, kuma MRI da ruwan nan take aiki. Ana kwantar da mutum cikin maganaɗisu mai ƙarfin tesla 1.5 ko 3, wato ninki dubu 30 zuwa dubu 60 na maganaɗisun duniyar da muke takawa. Ƙwayoyin haidurojin da ke cikin ruwan jiki sai su jeru. A harba musu igiyar rediyo su karkace, a ɗauke ta su koma, kuma yayin komawar suna sakin wata sigina da na'ura ke kamawa. Saurin komawar ya danganta da irin naman da ruwan yake ciki. Paul Lauterbur da Peter Mansfield ne suka gano yadda za a mayar da wannan sigina hoto, abin da ya ba su kyautar Nobel a 2003. Babu hasken eksire a ciki, kuma wannan zai yi muhimmanci idan muka zo kan yara.

Hoton furostet kashi uku ake ɗaukar sa a zama ɗaya. Na farko ana ce masa T2, inda ruwa ke fitowa da haske. Ɓangaren furostet na baya da gefe, inda kusan kashi 70 cikin 100 na sankara ke tasowa, cike yake da jakunkunan ruwa, don haka lafiyayyensa fari yake fitowa, sankara kuma ta fito tabo mai duhu domin ta cinye gurbin ruwan. Na biyu yana auna yadda ruwa ke kai-komo tsakanin ƙwayoyin nama. Kamar mutane ne a fili: idan wuri da sarari kowa na yawo yadda ya so, idan an cunkushe kowa sai ya tsaya inda yake. Sankara cunkoson ƙwayoyi ce, ruwa ba ya samun hanya, na'ura kuma tana ganin wannan takurar. Na uku ana yin sa ne bayan an yi allurar ruwan gadoliniyam a jijiya, a ga inda ya riga isa, domin ƙari yana ƙirƙirar wa kansa hanyoyin jini masu yoyo.

Don kada kowane likitan hoto ya riƙa karatu da son ransa, aka fito da tsarin PI-RADS. Ƙungiyar likitocin hoton mafitsara da al'aura ta Turai ce ta fitar da na farko a 2012, aka sake shi tare da takwarorinsu na Amurka a 2015, aka ƙara gyara shi a 2019. Maki 1 zuwa 5 ake bayarwa: 1 da 2 na nufin da wuya a sami sankara mai haɗari, 3 ana kokwanto, 4 da 5 a kai allura a ɗebo nama.

Kuma tsarin ya yi rawar gani. Binciken PROMIS da aka yi a Birtaniya a kan maza 576, aka wallafa a 2017, ya nuna MRI na kama kashi 93 cikin 100 na sankara mai haɗari, alhali tsohuwar hanyar ɗebo nama ba tare da sanin inda ƙarin yake ba tana kama kashi 48 ne kawai. Shekara ɗaya bayan nan binciken PRECISION a kan maza 500 ya nuna cewa idan aka fara da MRI, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na maza ba sa ma buƙatar a soke su, kuma ana gano sankara mai haɗari a kashi 38 maimakon 26. Waɗannan alƙaluma ne suka sa ƙasashe da dama suka mayar da MRI matakin farko kafin allura. Sai dai a lura da su wa aka yi binciken a kansu: maza ne da akasari PSA ɗinsu ya hau, sankarar da aka samu a jikinsu kuma kusan duk ta gama-gari ce. PI-RADS an gina shi ne don amsa tambaya guda, shin akwai adinokasinoma mai haɗari a nan ko babu. Ba a gina shi don ya tantance sauran ba.

Masu ɓuya a cikin hoto

Ire-iren da ba a saba gani ba ta hanya biyu suke kuɓucewa. Akwai waɗanda hoton kansa suke ruɗawa, akwai kuma waɗanda hoto ke nuna su ƙarara amma ba a kai ga ɗaukar hoton da wuri ba, ko an ɗauka an karanta su da ma'aunin da ba nasu ba.

A rukunin farko, wadda ta fi fito da matsalar fili ita ce sankara mai yauƙi. Adinokasinoma ce ita ma, sai dai ƙwayoyinta na zubar da wani ruwa mai kauri har su riƙa iyo a cikinsa. Ba a ba ta wannan suna sai yauƙin ya kai aƙalla kashi 25 cikin 100 na ƙarin da aka cire, kuma ba ta kai kashi 1 cikin 100 na masu cutar ba. Duba yadda take rushe ƙa'idojin can na sama. Yauƙi ruwa ne, don haka a T2 fari take fitowa, ta saje da lafiyayyen naman da ke kewaye da ita. Ƙwayoyinta a warwatse suke cikin tafkin yauƙi, don haka babu cunkoson da hoto na biyu zai kama. Likitan da ya bi tsarin maki sau da ƙafa zai iya ba ta 2, ya ce babu komai, ko ya ɗauke ta a matsayin ƙullin ruwa maras illa. A nan jini ne ke magana hoto ya yi shiru, domin wannan irin takan ɗaga PSA. Shi ya sa likitocin da suka san aikinsu ba sa sallamar mutum don kawai MRI ta fito fes. Sukan raba adadin PSA da girman furostet ɗin da hoton ya auna, idan sakamakon ya haura 0.15 sai su ce a dai ɗebo nama. Abin farin ciki, idan an kama ta da wuri aka yi tiyata, makomar mai ita ba ta fi ta gama-gari muni ba.

Sankarar magudanai ta fi ta yawa, ta kuma fi ta haɗari. Melicow da Pachter ne suka fara bayyana ta a 1967, kuma saboda kamarta da sankarar mahaifa suka ɗauka daga wata 'yar ragowar halittar mahaifa da ke jikin namiji take fitowa. Daga baya aka gane daga furostet ɗin kansa take. Zallarta ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, amma gauraye da ta gama-gari takan kai kusan kashi 5. Sau da yawa kusa da bututun fitsari take tsirowa, har ta leƙo cikinsa, don haka abin da ke kai mai ita asibiti shi ne jini a fitsari ko toshewar fitsari. Yatsan likita ta dubura ba lallai ya taɓo ta ba tunda tana can tsakiya, PSA kuma yakan yi ƙasa da abin da girmanta ya cancanta.

A hoton T2 ba ta cika yin duhun da ake tsammani daga sankara mai wannan muni ba. Takan fito tsaka-tsaki, wani lokaci da iyaka a zagaye kamar an shata ta, wani lokaci da aljihunan ruwa a ciki. Matsalar ita ce tsakiyar furostet nan ne kuma mazaunin kumburin tsufa, wanda ba sankara ba ne, wanda kuma yawancin dattawa ke da shi, shi ma ƙulli-ƙulli ne masu iyaka. Ƙari mai tsabtar iyaka a wannan wuri abu ne mai sauƙi a ce masa kumburin tsufa a wuce. Abin da ya kamata ya tsayar da mai karatun hoto shi ne labarin da ya zo da maras lafiya. Jini a fitsari, da ƙulli a gindin bututu wanda ruwa ke takure a cikinsa, da PSA da bai taka kara ya karya ba, idan suka haɗu sun isa a leƙa bututun da kyamara a kuma ɗebo nama. Gane ta yana canza yadda za a bibiyi mutum bayan magani, domin takan tsallaka zuwa huhu, har da wuraren da ta gama-gari ba ta cika zuwa ba irin su azzakari da maraina, kuma tana iya dawowa PSA bai motsa ba.

Wadda ba ta jira

Sankara mai ƙananan ƙwayoyi ita ce ta fi tayar mini da hankali a duk wannan jeri, kuma ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. An fara bayyana ta a furostet a 1977. A madubin likita kamarta ɗaya da sankarar huhun nan mai ƙananan ƙwayoyi, halinsu ma ɗaya: saurin girma da saurin bazuwa. Waɗanda suka fara da ita tun asali ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na masu sankarar furostet ba, akasarinsu kuma kafin a gano ta ta riga ta bazu. Matsakaicin abin da suke rayuwa bayan an gano ta kimanin shekara ɗaya ne. Ba a ma auna ta da ma'aunin Gleason.

Ita ba ta ɓuya wa MRI. Ƙwayoyinta ƙanana ne a matse, don haka takurar ruwa a cikinta mai tsanani ce. Takan fito ƙato, ba iyaka, ta fasa bangon furostet ta shiga jakunkunan maniyyi, ko wuyan mafitsara, ko bangon dubura, ga manyan kaluluwa a ƙugu. Kowa zai ba ta maki 5. Amma maki 5 kaɗai bai isar da saƙon ba, domin ta gama-gari mai santimita 2 ita ma 5 za a ba ta. Saƙon da ya kamata ya fito a rahoto shi ne cewa girman wannan ƙari da ɓarnarsa ba su dace da PSA ɗin da aka rubuto ba, a yi zargin wani iri na daban, a gaggauta. Jimla ɗaya irin wannan tana iya rage makonni na jiran layi, kuma ga mai wannan cuta makonni ba ƙaramin abu ba ne.

Dalilin gaggawar magani ne. Tun 1941 Charles Huggins ya nuna cewa sankarar furostet da sinadarin mazantaka take rayuwa, idan aka yanke mata shi sai ta lafa, kuma har gobe wannan ne ginshiƙin maganin wadda ta bazu. Mai ƙananan ƙwayoyi ba ta dogara da wannan sinadari ba. Maganinta kemo ne, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, irin na sankarar huhu, sisfilatin ko kabofilatin haɗe da etofosaid. Wanda aka ɗora kan allurar danne mazantaka kaɗai, ana jiran PSA ya nuna ko magani na aiki, an bar shi ne ba magani.

Yadda take bazuwa ma daban ne. Ta gama-gari ƙashi take so, kuma idan ta shiga takan sa ƙashin ya ƙara tauri, abin da hoton ƙashi da aka saba yi ke kamawa da kyau. Wannan kuwa cin ƙashin take yi ta bar rami, kuma tana zuwa hanta da huhu da ƙwaƙwalwa. MRI tana ganin ɓargon kansa, ba ta jiran sai ƙashi ya mayar da martani, shi ya sa hoton dukkan jiki da ita yake da amfani a nan. Akwai ma ƙa'idar karanta irin wannan hoto, MET-RADS-P, da aka fitar a 2017. Idan kuma mai cutar ya fara jin ciwon baya mai tsanani, ƙafafu na sanyi, ko fitsari na kuɓuce masa, MRI ta ƙashin baya a ranar ake yin ta, domin ƙarin da ya danne laka yana iya kwantar da mutum har abada cikin 'yan kwanaki.

Akwai wani ɓangaren labarin da ya ƙara fitowa fili a 'yan shekarun nan. Magungunan danne sinadarin mazantaka masu ƙarfi, abirateron da aka amince da shi a 2011 da enzalutamaid a 2012, sun tsawaita rayuwar maza da yawa. Amma a jikin wasu, sankarar da aka matsa wa lamba takan sauya halitta, ta bar dogaro da sinadarin, ta koma mai ƙananan ƙwayoyi. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya sami wannan sauyi a kashi 17 cikin 100 na naman da aka ɗebo daga mazan da cutarsu ta bazu ta kuma daina jin magani. Ke nan irin da ake ce wa ba a saba gani ba, a wannan mataki ya daina zama baƙo. Alamarsa ita ce mutum na ramewa, ciwo na ƙaruwa, hoto na nuna sabbin ƙari a hanta, PSA kuma na kwance. Hoton PET na PSMA, mai bin wata alama da ke jikin ƙwayoyin sankarar furostet, wanda ya yi fice tun da aka amince da shi a Amurka a 2020, shi ma yana iya rasa ta, domin takan zubar da alamar da yake bi. Wanda ake bibiya da gwajin jini kaɗai a wannan hali ba a bibiyar sa yadda ya kamata.

Sakoma da sauransu

Sakoma daga tsoka da zaruruwan furostet take fitowa, kusan 1 cikin 1,000 na masu cutar. A jikin manya wadda ta fi yawa ita ce ta tsoka mai santsi, kuma takan kama mutanen da shekarunsu ba su kai na masu ta gama-gari ba. A jikin yara kuwa rabdomayosakoma ce, wato ta tsoka irin wadda ke motsa gaɓoɓi, galibi 'yan ƙasa da shekara 10. Yaron da fitsari ya tsaya masa cak, ko yake yunƙuri kafin ya fita, ko mararsa ta kumbura, babu wanda zai fara tunanin furostet, PSA kuma ba shi da abin faɗa.

Siffarta a hoto ta bambanta da duk waɗanda suka gabata. Dunƙule ce babba, sau da yawa ta fi furostet ɗin kansa girma nesa ba kusa ba, tana ture mafitsara sama ta danne dubura baya. Cikinta a hargitse: nan nama, can ruwa, can jinin da ya kwanta, can wurin da ya mutu saboda ƙarin ya fi ƙarfin jinin da ke ciyar da shi. Babu ma'anar ba ta makin PI-RADS. Abin da likitan tiyata ke nema shi ne taswira: daga furostet ta fito ko daga mafitsara, ta manne da dubura ko ture ta kawai ta yi, ta kai bangon ƙugu ko da saura. A nan MRI ta yi wa sauran hotuna fintinkau, domin ita ce ta fi bambance nama mai laushi daga ɗan'uwansa. Ga yara, ana fara wa da kemo a rage ƙarin, da burin a tsirar da mafitsara, kuma za a yi ta maimaita hoto ana duba ko yana raguwa. Yin hakan ba tare da tara wa ƙaramin jiki hasken eksire ba babbar riba ce.

Akwai kuma wani ƙari na zaruruwan furostet da tun 1998 masana suka ware shi da sunan wanda ba a tabbatar da halinsa ba. Wani ya zauna shekaru bai yi komai ba, wani ya dawo bayan an cire, wani a same shi tare da sakoma. Hoto ba ya raba su, amma yana nuna ko yana girma.

Ragowar a taƙaice. Sankarar fatar bututun fitsari 'yar'uwar ta mafitsara ce, sau da yawa ma daga mafitsarar ta gangaro, kuma maganinta na mafitsara ne. Sankara mai ƙwayoyi irin na fata wani lokaci takan biyo bayan gasa ƙari da haske ko maganin danne mazantaka, ita ma cin ƙashi take yi. Limfoma, wato sankarar kaluluwa, takan kumbura furostet gaba ɗaya, sumul ba hargitsi, da kaluluwa a wurare da dama, kuma gane ta yana hana a yi wa mutum babbar tiyatar da ba ya buƙata, tunda da kemo ake maganin ta.

Kada a ɗauka duk abin da ya fito da ban tsoro alhali PSA na ƙasa sankara ce. Wani kumburin furostet da ke biyo bayan tarin fuka, ko bayan maganin BCG da ake zubawa a mafitsara, yana kwaikwayon sankara mai maki 5 har ƙwararre ya kasa bambancewa. Ƙurji mai mugunya ma yana takure ruwa. Jinin da ya kwanta bayan an soki furostet yana ɓata hoto na makonni. Saboda haka hoto mai ban mamaki dalili ne na ɗebo nama, bai isa hujjar fara magani ba.

Inda allura za ta shiga

A tsohuwar hanya ana sukar furostet wuri 10 zuwa 12 bisa tsari, akasari a ɓangaren baya. Ƙarin da ke tsakiya kusa da bututu, ko can gaba, yana iya tsira daga dukkansu. Da hoton MRI a hannu ana kai allura inda ake zargi kai tsaye, ko dai likita ya riƙe wurin a kansa, ko kwamfuta ta ɗora hoton a kan na sikanin da ake kallo lokacin sukar.

Ga ire-iren da muke magana a kansu wannan ya wuce batun dacewa da ƙarin. A cikin babbar sakoma, allurar da ta faɗa wurin da ya mutu ba za ta fito da abin karantawa ba, sai hoto ya nuna gefen da ke da rai. Sannan kusan rabin masu sankara mai ƙananan ƙwayoyi suna da ta gama-gari a gefenta cikin furostet guda. Idan allura ta ɗebo ta gama-garin kaɗai, rahoto zai fito da gaskiya amma rabinta, magani kuma ya tafi kan wadda ba ita ce za ta yi kisa ba. Likitan hoton da ya lura cewa wani sashe na ƙarin bai yi kama da sauran ba, ya ce a soki nan ma, ya yi aikin da babu na'urar da za ta yi masa.

Shi ma mai duba nama yana buƙatar a gaya masa abin da ake zargi, domin akwai rini na musamman da ake yi wa naman: NKX3.1 na nuna asalin furostet, GATA3 na nuna fatar mafitsara, sinaftofaisin da kuromogiranin na nuna niyuro'endokirin, wato dangin mai ƙananan ƙwayoyi, desmin da mayojenin na nuna tsoka. Ba kowane nama ake yi wa waɗannan ba sai an sami dalili. Takardar neman hoto da aka rubuta wa "a duba furostet" kawai, ba shekaru, ba adadin PSA, ba labarin jini a fitsari, ba jerin magungunan da mutum ke sha, ta riga ta rage wa kowa ido. Ko finasteraid da ake bai wa masu kumburin tsufa yana rage PSA da kusan rabi, wanda bai san ana shan sa ba zai karanta adadin a karkace. Maras lafiya da danginsa suna da haƙƙin tambaya ko likitan mafitsara, da na hoto, da mai duba nama, da na sankara sun zauna tare a kan lamarinsa, musamman idan sakamakon gwaje-gwajen na karo da juna.

Ingancin hoton kansa ba a ko'ina yake ɗaya ba. Iska a dubura, motsin hanji, ko ƙarfen da aka sa a ƙugu suna lalata hoton kai-komon ruwa, wanda shi ne ya fi muhimmanci. Tun 2020 akwai ma'aunin PI-QUAL da ake auna ingancin hoton da shi kafin a amince da abin da ya nuna.

Yanzu hankali ya karkata ga gajarta aikin. Ana ƙara komawa ga hoto mai kashi biyu, ba allurar gadoliniyam, domin ya fi sauri a kuma samu yi wa mutane da yawa, kuma bincike ya nuna bai gaza mai kashi uku ba wajen kama sankarar gama-gari. Ana kuma horar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira su karanta hoton, har wani babban bincike na 2024 ya nuna sun zarce matsakaicin likitan hoto a wannan aiki. Ina maraba da duka biyun. Damuwata ita ce kashi na ukun da ake son cirewa shi ne ke nuna naman da ke shan jini a cikin ƙulli mai kama da ruwa, shi ne kuma ke raba sashe mai rai da matacce a cikin sakoma. Manhaja kuma abin da aka nuna mata da yawa shi ta iya, ire-iren nan kuwa yawancin abin da aka rubuta a kan siffarsu a MRI daga rahoton mutum ɗaya ne ko 'yan gomomi. Kafin a miƙa wa manhaja tace hotuna ita kaɗai, ya kamata asibitoci su haɗa hotunan waɗannan ire-ire wuri guda a gwada ta a kansu, kuma duk mutumin da ya zo da jini a fitsari, ko toshewa mai saurin tsananta, ko ƙarancin shekaru, a yi masa cikakken hoton mai kashi uku, ƙwararren likita ya karanta shi da idonsa.